Kwana Uku Ina Neman Yasmin

Talata: Ƙofar Marusa zuwa tasha

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Talata na fito daga gidana a Ƙofar Marusa, ladanin unguwarmu yana gyaran murya. Jakata ba ta da nauyi: riga ɗaya, hula ɗaya, sai wata 'yar kwalbar turare da na naɗe a hankici. Ban tsaya na yi wa Binta sallamar kirki ba, don na san in ta ce kada in tafi ba zan iya tafiya ba. Daga bakin ƙofa na ce mata Kano za ni in dawo. Ta ce, "Kano kuma? Suna fa gata ne." Na ce na sani, na ja ƙyaure.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni, don kada a ɗauka taɓuwa na yi. Sunana Mannir, turare nake sayarwa a kasuwa yau shekara ashirin da biyu. Binta matata ce, Bakanuwa, shekararmu goma sha huɗu da aure ba mu ga haihuwa ba sai ranar Juma'ar da ta wuce, Allah ya ba mu 'ya mace. Tun cikin yana wata uku ta ce in mace ce Yasmin take so a sa mata, sunan turaren da na fara kai mata lokacin da nake zuwa zance. Na ce an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Tun rasuwar mahaifinmu, babban wanmu Yaya Rabe ne ke yi wa kowane jariri na gidanmu huɗuba, shi ne kuma ke gaya wa liman suna ranar raɗi. Ranar Asabar na same shi a zauren gidanmu na gado a Ƙofar Guga. Muka gaisa, ya yi mani barka, na faɗa masa sunan. Sai ya zaro waya daga aljihu, ya gyara tabarau.

"Mannir, kai kau ka san ma'anar abin da kake son liƙa ma ɗiyarka?"

"Fure ne, Yaya. Shi ne turaren da nike saidawa."

"Ka taɓa ganin shi da idonka?"

Na ce ban taɓa ba.

"To saurara, jiya aka turo mani. Larabci ne, kalma biyu aka haɗa. Ya'as, yanke ƙauna. Main, ƙarya. Matar da ta shekara sha huɗu tana jira, ita za a sa ma ɗiyarta yanke ƙauna da ƙarya? Ba da bakina ba. In fure ne ka kawo shi in gani, in shaƙa. In ba haka ba, ranar Juma'a ni na san sunan da zan ba liman."

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne kafin magariba saƙon ya zagaya wayoyin matan gidanmu, har wata mai neman lada ta karanta wa Binta tana zaune da jaririya a cinya. Na dawo na tarar da ita tana kuka. Lahadi da Litinin na karaɗe masu sayar da shuke-shuke a bakin titunan Katsina, ba wanda yake da shi. Na je wurin wani malami da nake ganin girmansa, ya ce in bi babba a zauna lafiya, sunaye ai da yawa. Ni kuwa alkawari ɗaya na taɓa yi wa matar nan a kan haihuwa, shi ne wannan.

Katsina zuwa Kano

Mai babur ya sauke ni a tasha ƙarfe biyar da minti goma, na yi sallah a masallacin tashar. Motar da ke kan layi ƙarama ce, na leƙa na ga mutum huɗu a zaune, ɗan kamasho yana ta ihun saura biyu. Na shiga da murnata. Duk lokacin da fasinja ya zo, sai ɗaya daga cikin huɗun nan ya sulale ya fita. Ashe zaman yaudara aka sa su, ni ne fasinjan farko. Ba mu tashi ba sai bakwai saura minti biyar, ga kuɗin mota ya kusa ninka na bara.

Daga Katsina zuwa Kano kilomita ɗari da saba'in ne da 'yan kai. Bakwai da rabi muka wuce Charanchi. A Kankiya direba ya tsaya wai zai sha iska minti biyu, ya shige rumfar mai shayi ya yi minti ashirin. Na sayi ƙosai na kasa ci, na ba wata tsohuwa da ke kusa da ni.

Bayan Gidan Mutum Ɗaya muka tarar da shinge. Wani mai kaki ya leƙo, ya bi mu da kallo, ya tsaya a kaina, ina jin don fuskata a murtuke take.

"Malam, buɗe jakar nan."

Na buɗe. Ya warware hankicin, ya cire murfin kwalbar, ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Kai! Wannan na manya ne. Ina za ka?"

"Kano, neman fure."

Motar duka ta kwashe da dariya. Shi kuwa ya tuttula turaren a tafin hannu ya shafe wuya da ƙirji, ya shafa wa hularsa, ya miƙa wa abokin aikinsa shi ma ya yi wanka. Kwalbar nan don aiki na ɗauko ta, da ita zan gwada ƙamshin duk furen da aka nuna mani. Da ta dawo hannuna ɗan abin da ya rage a gindinta bai fi a ɗiga sau uku ba. Na buɗe baki zan yi magana, direba ya juyo ya ce, "Dan Allah Malam yi haƙuri, kar ka ja mamu wuni a nan." Na haɗiye, na mayar da kwalbar jaka.

Kano, ranar farko

Goma da minti ashirin muka shiga Kano. A nan na yi wautar da har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina. Na ga kamar in na ce fure za a ɗauke ni baƙauye, sai na tare mai adaidaita na ce ya kai ni inda ake sayar da fulawa.

"Sari ko ɗai-ɗai?"

"Ɗai-ɗai, amma inda suke da iri-iri."

"An gama, Alhaji. Hau."

Minti arba'in muna kutsawa cikin cunkoso, hayaƙi yana shiga mani ido. Ya tsaya a gaban wani shago da aka jibge buhuna har rufi, 'yan dako sun yi fari fat da gari.

"Ga ta nan. Akwai ta burodi, akwai ta cincin."

"Fure nike nema, bawan Allah! Fure na itace!"

"To ai da ka ce fure. Ku Katsinawa kun iya Hausa, yau kuma Turanci ka ga damar yi?"

Gaskiyarsa ce, kuma wannan ya ƙara mani zafi. Ya juya da ni unguwar Nassarawa, inda masu shuke-shuke suka jera kayansu a gindin katangu. Sha biyu saura muka isa.

Na farko ya nuna mani wani jan fure ya rantse shi ne Yasmin. Na sunkuya na shaƙa, ko warin ganye babu. Na ce masa ni hanci nake ci da shi, kada ya raina mani sana'a. Na biyu ya karyo reshen wata bishiya mai manyan furanni, tsakiyarsu rawaya, farin ruwa yana ɗiga daga karayar. Tana da ƙamshi, ban musa ba, amma ko kusa ba shi ba ne. Na uku ya ce kash, jiya-jiya nasa ya ƙare. Ban yi taku biyar ba na ji yana tambayar maƙwabcinsa, "Wai mene ne Yasmin ɗin nan?" Haka na wuni har la'asar, kowa yana son ya sayar mani da abin da bai sani ba, ba wanda zai ce bai sani ba.

Ban sauka gidan surukaina ba. Da wane baki zan ce masu na bar 'yarsu da ɗanyen jego, jikarsu ko huɗuba ba a yi mata ba? Na wuce Fagge gidan Alhaji Sani, dilan da nake sarin turare a hannunsa tun ina saurayi. Ya karɓe ni hannu biyu, bayan magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Ina ci ina ba shi labari. Na ce tunda shi ke kawo man Yasmin, ai ya san inda ake noma furen. Sai ya ajiye cokali yana dariya.

"Mannir, wane fure? A masana'anta ake haɗa shi, a durom yake zuwa mana. Ni kaina ban taɓa ganin furen ba."

Na tsame hannuna daga tuwon. Shekara ashirin da biyu ina rantse wa mata da amare cewa daga fure aka tatso shi. Na ce, "Alhaji, kuma ba ka taɓa gaya mani ba?" Ya ce, "Ba ka taɓa tambaya ba." Na ji kamar in tashi in bar masa gidan, sai dai ba ni da inda zan je. Da ya ga da gaske raina ya ɓaci, ya ce gobe in fara da masu littattafai a Kurmi saboda ma'anar, shi kuma zai nemo mani wani tsohon mai lambu da ke aiki a gidan wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, a Bompai, don ya ji Kwarori ba sa rabuwa da furen a gidajensu.

Laraba: Kurmi da Bompai

Ƙarfe tara na shiga Kurmi ta layin masu littattafan Larabci. Aka nuna mani wani dattijo, Malam Habu, yana zaune a kan buzu littattafai sun kewaye shi. Muka gaisa har ya tambayi mutanen Katsina da ruwan bana. Na karanta masa saƙon Yaya Rabe. Bai yi dariya ba, ya dai girgiza kai, ya miƙa hannu ya jawo wani ƙaton ƙamus, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa.

"Matso ka gani. Ga kalmar, ga abin da aka rubuta a gabanta. Asalinta ba Larabci ba ce, ta Farisa ce, mutanen Iran na yanzu. Su yasaman suke cewa. Larabawa suka ara suka daidaita ta da harshensu. Turawa ma daga can ta iso musu, suka mai da harafin 'ya' na farkonta ya koma harafin 'ja'. Sunan fure ne, fari, ƙarami, mai ƙamshi. Iyakarta ke nan."

"To wannan rabawar da aka yi fa, Malam?"

"Wasan masu waƙe ne na da. Sukan datsa kalma biyu don nishaɗi ko don tsokanar masoyi. Wani ya tsinta ya mai da ita hukunci ya watsa a waya. Kalmar da ba ta Larabawa ba, yaya za a yanka ta da wuƙar Larabci? Yaya sunan wan naka?"

"Rabe."

Sai a nan ya yi murmushi. "Rabi'u ke nan, na huɗu. To in an bi tasa hanyar, a fassara shi da Hausa mana, a ce shi mai raba mutane ne. Zai yarda?"

Tun Asabar ban yi dariya ba sai lokacin. Na ɗauki hoton shafin da wayata sau uku don kada ɗaya ya ƙi fita. Na yi masa tayin ɗan abin goro ya ƙi karɓa, ya ce in shafa masa kan jaririyar.

Ƙarfe biyu na isa Bompai, gidan da Alhaji Sani ya kwatanta mani. Maigadin gidan ya dube ni sama da ƙasa ya ce mai lambu ya fita, kuma ba a zama a ƙofar gida. Na koma tsallaken titi na tsaya a rana kamar mai bin bashi, awa biyu cur. Huɗu da 'yan mintuna wani tsoho ya iso a kan keke da almakashin datse rassa a ɗaure a baya. Shi ne Baba Audu. Ya ce Alhaji Sani ya yi masa waya, ya shigar da ni ta ƙaramar ƙofa.

Ya kai ni bayan gida ya nuna mani wata shuka da ta hau katanga, ganyenta kore shar, da 'yan ƙananan tohon fari a rufe kamar ƙwayar shinkafa. Na ce, "Wannan ɗin?" Gaskiya na raina ta. Na shaƙa ban ji wani abin kirki ba.

"Garaje gare ka, ɗan Katsina. Ba ta buɗewa da rana. Zauna."

Na zauna a kan bulo, shi yana ta ban ruwa. Wajen shida da kwata, rana ta yi sanyi, sai na ji wani abu ya taɓa mani hanci ban ma juya ba. Na waiwaya na ga tohon nan sun fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ni mai turare ne, na shaƙi abin da ya fi dubu, amma ban taɓa jin irin wannan ba: mai sanyi, mai daɗi, ba ya hawa kai. Na zaro kwalbata na shaƙi ɗigon da masu kaki suka bar mani, sai na ji ta kamar sabulun wanki. Hawaye suka zubo mani, ban sani ba ko na murna ne ko na takaicin shekarun da na yi ina sayar da sunan abu ba abun ba. Baba Audu ya yi kamar bai gani ba. Ya ce in dawo da sassafe ya tsinko mani sababbi, don ba sa jure wuni.

Alhamis: komowa

Shida da rabi ina ƙofar gidan. Baba Audu ya cika mani hankici da furanni ya yayyafa ruwa, ya haɗa mani da dashe guda a gwangwanin madara, ya jera su a ɗan kwali. Ya ce, "Kada rana ta gan su, kada a danne su. In ka kai azahar a hanya sun fara ja." Na lissafa, in mun tashi takwas, sha ɗaya da rabi ina Katsina.

Takwas da kwata muka tashi. Tun a tasha rigima ta fara. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, direba ya ce ba a riƙe kaya a cinya, kwali sai but. Na ce fure ne, ba ya son zafi. Ya ce ko jariri ne sai but, in ban yarda ba in sauka in jira ta gaba. Na duba agogo, na miƙa masa. Da idona na ga ya ajiye shi a saman buhun albasa, na roƙe shi ya bar shi a nan.

Tara da rabi, mun wuce Bichi muna dosar Tsanyawa, tayar baya ta fashe. Allah ya kiyaye, motar ta yi tangal-tangal ta tsaya a gefen gona. Direba ya buɗe but zai ciro safaya, sai warin fetur ya buge mu. Ashe bayan na shiga mota ya ɗauko jarkar mai ya ɗora, ya tura kwalina ƙasa. Murfin jarkar leda aka naɗa masa. Kwalin ya jiƙe sharkaf.

Ban san lokacin da na ci kwalar rigarsa ba. Ni da ko a kasuwa ba a taɓa jin muryata ba, sai da mutum uku suka ɓanɓare ni. Shi kuma yana ta faɗin, "A kan ciyawa? A kan ciyawa za ka kashe ni?" Safayar ma ba iska. Ya hau babur da ita ya tafi neman mai faci, ya bar mu a gindin wata 'yar bishiyar da inuwarta ba ta ishi akuya ba. Sai ɗaya saura ya dawo. Na zauna da hankicin a tafin hannuna ina kallon furannin suna komawa ruwan ƙasa, ba abin da zan iya yi.

Kankiya biyu da kwata, Charanchi uku saura. Uku da minti arba'in muka shiga Katsina. Ban biya gida ba, na hau babur kai tsaye zuwa Ƙofar Guga.

Ƙofar Guga

Na sami Yaya Rabe a zaure ya dawo daga la'asar, da ƙannenmu biyu suna maganar ragon gobe. Na gaishe shi a gajarce. Na fara miƙa masa wayar. Ya karanta hoton shafin, ya daɗe yana kallo, ya miƙo mani.

"Takarda ce. Wancan ma rubutu ne, wanga ma rubutu ne. Ni fure na ce."

Na warware hankicin a gabansa. Abin da ke ciki ya yi laushi ya yi ja kamar ganyen shayin da aka tace. Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Fetur nike ji, Mannir."

Ƙannenmu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na ajiye gwangwanin dashen, ganyensa duk ya lanƙwashe, na ce nan da wata biyu zai yi fure. Ya ce suna gobe ne, ba nan da wata biyu ba, kuma ya riga ya zaɓi sunan da zai ba liman.

A nan na manta shi wana ne. Na ce kwana uku na yi a titi saboda saƙon da bai san wanda ya rubuta ba. Na ce ya sa matata kuka a satin da ya kamata ta fi kowa dariya a garin nan. Na ce in ana fassara suna da son rai, shi ma Rabe ne, kuma ga shi yana rabawa. Ya miƙe tsaye yana nuna ni da yatsa, ni ma na miƙe. Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar kuwa har masu wucewa a lungu sai da suka tsaya.

Sai muka ji ƙarar sanda a ƙasa. Inna ce, mahaifiyarmu, ta haura tamanin, ba ta cika fitowa zaure ba, kunnenta kuma ya yi nauyi. Ta dafa bango ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ya faru kuke tara mani mutane? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna," in ji Yaya. "Kan sunan jinjira ne. Wani suna suka ɗauko mara kan gado."

"Wane suna?"

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Yasmin, Inna."

"Mi?"

"Yasmin!"

Ta riƙa motsa baki, tana juya kalmar. Sai na ga fuskarta ta saki.

"Ya sam min. Allah sarki, Binta. Ita ta zaɓa ko?"

"Ita ce, Inna."

"Yo ai da Kanancinsu ta faɗa, mu da sai mu ce ya sam mani. Shekara sha huɗu yarinyar nan tana zuwa ɗakina tana kuka, tana cewa Inna ki roƙa mani Allah ya sam min ko guda ɗaya. To ya sam mata. Ta ce a sa ma ɗiyar haka don kowa ya ji. Kai Rabe, mi ne ne mara kan gado a nan? Godiyar ce ba ka so?"

Yaya ya buɗe baki. "Inna, ai da Larabci..."

"Ni Larabci na haife ka da shi? Tashi ka je ka yi ma jikata huɗuba tun rana ba ta faɗi ba. Kwana shida ɗiya ba suna, ba ku ji kunya ba."

Ni ma bakina a buɗe yake. Ga Farisa a wayata, ga yasaman, ga duk abin da Malam Habu ya koya mani, ina so in ce Inna ba haka ba ne. Na dubi Yaya yana neman takalmansa, na mayar da wayar aljihu.

Ƙofar Marusa

Biyar da rabi muka shiga gidana, Yaya a gaba ni a baya, ba mai yi wa wani magana. Gwaggon Binta da ta zo daga Kano yi mata wankan jego ta miƙo jaririyar. Yaya ya karɓa, ya yi mata kiran sallah a kunne, na ji da kunnena ya raɗa mata Yasmin. Ya miƙa ta ya fita. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma na san ni zan je in ba shi haƙuri, don abin da na faɗa masa a zaure ya yi yawa. Ban dai huce ba tukuna.

Washegari Juma'a bayan asuba liman ya faɗi sunan a gaban jama'a, aka shafa fatiha. Yanzu duk dangi sun haƙiƙance sunan Hausa ne, har ana yaba wa Binta hikima. In na ce kalmar Farisa ce sai a ce Mannir dai tunda ya je Kano ya dawo da iyayi. Wannan ma yana ba ni haushi: na sha rana, na ci kwalar mutum, na samo gaskiyar magana da shafinta, ba ta yi aikin komai ba.

Da na ba Binta labarin abin da Inna ta ce, na ɗauka dariya za ta yi. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Wallahi ban taɓa lura ba. Amma haka nake ce mata, Mannir. Kullum haka nake cewa."

Na dawo gida lafiya. Ina gode wa Malam Habu da ya buɗe mani littafi bai karɓi komai ba, da Baba Audu da ya zaunar da ni har furen ya buɗe, da Alhaji Sani saboda masauki, ko da yake akwai sauran magana tsakaninmu. Masu kaki da direban Alhamis ba na gode masu, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba tukuna. Inna kuwa Allah ya ƙara mata lafiya, ya bar mata kunnenta yadda yake. Wanda ya sam mana yarinyar nan bayan shekara goma sha huɗu, shi ban san ta inda zan fara gode masa ba.